Masu Hango Laifin Wasu a Tsoffin Wasannin Talabijin na Amurka: Su Wa Ke Da Bakin Magana?

Tambaya: Malam, na jima ina kallon tsoffin wasannin talabijin na Amurka marasa launi, irin su The Twilight Zone da Alfred Hitchcock Presents. Na lura sau da yawa wanda ke ƙarewa cikin kunya shi ne mai ganin kansa mutumin kirki, ba ɓarawo ko mashayi ba. Me ya kawo haka? Kuma su masu shirya wasannin, da ke yi wa mutane wa'azi tsakanin talla da talla, ba munafuncin suke yi ba su ma?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka lura da shi haka yake, kuma zargin da ka yi a ƙarshe yana da tushe fiye da yadda kake zato. Tambayoyin nan biyu jijiyarsu ɗaya. Marubutan sun iya zana munafuki ne saboda a cikin munafunci suke neman abincinsu, suna ganinsa kullum a ofisoshin da suke kai rubutu, wani lokaci ma da hannunsu ake yinsa.

Bari mu fara da ƙirar shirin, don a nan dalili na farko yake. Waɗannan ba irin shirin nan mai dogon zango ba ne da muka saba, wanda jarumi ɗaya zai shekara yana laifi yana tuba ana biye da shi. Kowane mako labari sabo ne, 'yan wasa sababbi, kuma cikin kusan minti 25 dole a gama. Tunda babu mako mai zuwa, marubuci na da 'yancin ya karya jaruminsa, ya haukata shi ko ya kashe shi. Munafuki kuwa ya fi kowa dacewa da ɗan wannan lokaci, domin da fuska biyu ya zo. Rabin farko ka nuna wadda yake nuna wa jama'a, rabi na biyu ka yaye ta. Ɓarawon da ya san kansa ɓarawo ne ba shi da abin da za a tona masa. Ga kuma mai gabatarwa, Rod Serling (marubucin da ya ƙirƙiro The Twilight Zone) ko Alfred Hitchcock, da ke buɗe labarin sannan ya dawo a ƙarshe ya faɗi ra'ayinsa, wato tun daga tsarin shirin an ajiye kujerar alƙali.

Dalili na biyu zamanin ne. A 1950 aka fitar da wani ɗan littafi mai suna Red Channels, ɗauke da sunayen mutum 151 na harkar rediyo da talabijin waɗanda ake zargi da alaƙa da 'yan gurguzu. Shiga cikinsa kaɗai ya isa a daina kiran mutum aiki. A ƙarshen wannan shekarar gidan CBS ya fara sa ma'aikatansa suna cika takardar rantsuwar biyayya ga ƙasa. Sanata Joseph McCarthy na ta jifan mutane da zargi ba tare da hujja ba. Marubutan da suka rubuta wasannin da kake kallo sun ga abokan aikinsu sun rasa sana'a saboda wasiƙa ɗaya ko kiran waya ɗaya daga wani da ke ganin yana tsarkake ƙasa. Wannan mutum, mai tsarkake ƙasa, shi ne mugun da suka fi sani.

Ka duba wasan Four O'Clock na The Twilight Zone, 1962. Oliver Crangle yana zaune shi kaɗai a ɗaki, daga shi sai akunsa da tarin katunan da ya rubuta laifuffukan mutane a kai. Aikinsa kullum ya buga waya wurin aikin mutum ya ce a kore shi, ko ya aika takarda ya ce wane ɗan gurguzu ne. Matar wani likita ta zo har ɗakin tana roƙonsa ya bar mijinta, ya ƙi saurarenta. Ya yanke cewa da ƙarfe huɗu na yamma zai mayar da kowane mugu a duniya ɗan guntu mai tsawon ƙafa biyu, don a riƙa gane su. Ƙarfe huɗu ta buga, shi ne ya ƙanƙance. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, labarin ke nan gaba ɗaya. Haka The Masks na 1964, wanda Ida Lupino ta ba da umarni, ita kaɗai ce mace da ta taɓa yin wannan aiki a shirin na asali. Tsoho mai dukiya a New Orleans yana gargarar mutuwa, 'yarsa da mijinta da jikokinsa biyu sun zo da sunan dubiya, alhali gado suke jira. Ya ce ba wanda zai ci ko sisi sai kowa ya sa fuskar ɓad-da-kama har tsakar dare. Fuskokin munana ne, ɗaya ta haɗama, ɗaya ta ragwanci da tsoro, ɗaya ta son kai da ji da kyau, ɗaya ta mugunta. Da dare ya raba tsohon ya cika, suka cire, sai ga fuskokinsu na gaskiya sun koma kamar waɗanda suka cire.

Wasanni ne masu daɗin kallo, amma ban sa su a sahun gaba ba, kuma dalilina ya shafi tambayarka ta biyu. Irin wannan labari yana sallamar mai kallo da zuciya fes. An zana Crangle da muni har babu wanda zai gan shi ya ce ni ne wannan. Sai ka zauna kana jiran ƙarfe huɗu ta yi, kana jin daɗin abin da zai same shi, kana tuna maƙwabcinka da ke da irin halinsa. Cikin minti 25 wasan da ya zo gargaɗi kan hango laifin wasu ya mayar da kai mai hango laifin wasu. Wannan rauni ne na gaske a yawancin labaran da ke ƙarewa da alhaki ya kama mai shi daidai wa daida.

Yanzu ga maganar masu shiryawa. A shekarun 1950 kamfanin da ke ɗaukar nauyin shiri ba talla kawai yake sakawa ba. Sau da yawa sunansa ne a kan shirin, kamar Kraft Television Theatre ko The United States Steel Hour, kuma wakilan kamfanin tallarsa na karanta rubutun wasa kafin a ɗauka. Wani gyaran ƙarami ne: Serling ya ba da labarin yadda aka cire masa layin da wani ke tambayar ashana a Requiem for a Heavyweight, 1956, saboda cikin masu ɗaukar nauyi akwai kamfanin laita. Wani gyaran kuwa ba ƙarami ba ne. A Afrilun 1959 shirin Playhouse 90 ya nuna Judgment at Nuremberg, wasa kan shari'ar alƙalan Jamus da suka yi wa gwamnatin Hitila aiki. Cikin masu ɗaukar nauyi akwai ƙungiyar kamfanonin iskar gas ta Amurka. Da ɗan wasa ya zo ambaton gas ɗin da aka hallaka Yahudawa da shi, sai aka ɗauke sautin, bakinsa na motsi ba a jin kalmar. Ka tsaya ka auna wannan. Wasa ne da ke tuhumar mutanen da suka ga zalunci suka yi shiru don kare muƙaminsu, aka toshe masa baki don kare cinikin murhun girki.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne batun baƙar fata. A Agustan 1955 aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 daga Chicago da ya je ziyarar dangi a jihar Misisipi, bisa zargin ya yi wa wata farar mace rashin ladabi. Masu taya alƙali yanke hukunci, mutum 12, dukansu farar fata, suka wanke mutum biyun da ake tuhuma, kuma bayan 'yan watanni mutanen suka amsa da bakinsu a wata mujalla cewa su suka yi, tunda doka ba ta bari a sake gurfanar da su. Serling ya so ya rubuta wasa kan garin da ya rufa wa mai kisa asiri. Tun kafin ya kai rubutun ya san ba za a yarda da yaro baƙar fata ba, sai ya mayar da wanda aka kashe tsohon Bayahude mai karɓar jingina. Hakan ma bai wadatar ba. Da labari ya fita cewa wasan na da alaƙa da Till, ƙungiyoyin farar fata na kudu suka yi ta aika wasiƙun barazanar ƙaurace wa kayan kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin. Aka mayar da mamacin baƙo kawai wanda ba a faɗi asalinsa ba, aka ɗauke garin daga kudu zuwa arewa maso gabas, aka share duk abin da zai tuna wa mutum kudu. Haka Noon on Doomsday ya fito a 1956. Ya sake gwadawa a 1958 da A Town Has Turned to Dust, nan kuma aka koma da labarin shekarun 1870 a kudu maso yamma, yaron da aka rataye ya zama ɗan asalin Mekziko.

Reginald Rose, wanda ya rubuta Twelve Angry Men, ya gamu da irin wannan a 1954 da Thunder on Sycamore Street. Labarin unguwa ce da ta haɗa kai don korar sabon maƙwabci. A ransa iyalin baƙar fata ne, aka ce masa ba zai yiwu ba saboda tashoshin kudu, ya mayar da mutumin tsohon fursuna. Abin da Rose ya yi da wannan ƙunci ya burge ni: ya ɓoye dalilin ƙiyayyar har wasa ya yi nisa, don haka kowane mai kallo ya cika gurbin da irin mutumin da shi kansa ba zai so ya tare kusa da gidansa ba. Dabara ce mai kyau. Duk da haka, iyalin baƙar fata da aka rubuta wasan dominsu ba su ga kansu a allo ba.

Saboda haka idan ka ce akwai munafunci, na yarda. Gidajen talabijin sun so a yabe su da nuna wasanni masu faɗar gaskiya, muddin gaskiyar ba ta taɓa mai sayen kaya ba. An yarda a la'anci ƙiyayya, ba a yarda a faɗi wanda ake ƙi ba. A shekarar da The Twilight Zone ya fara, 1959, a ita ce Charles Van Doren ya amsa a gaban kwamitin majalisa cewa ana ba shi amsoshi a asirce a shirin kacici-kacicin da ya mayar da shi gwarzon ilimi a idon ƙasa. Akwatin da ke koyar da gaskiya da daddare shi ne aka kama da maguɗi.

Hitchcock ya bi da wannan yanayi ta wata hanya daban, kuma ya kamata ka lura da ita idan kana kallo. Tun 1952 gidajen talabijin na da ƙa'idar da suka gindaya wa kansu, wadda ta hana a nuna laifi a matsayin abin sha'awa ko abin da ake cin riba da shi. Shi kuwa labaransa da yawa mai laifi ne ke tsira. A Lamb to the Slaughter, 1958, mace mai ciki ce mijinta ɗan sanda ya ce zai rabu da ita. Ta ɗauko daskararriyar cinyar rago daga firiza ta buga masa a ƙeya, ta sa naman a murhu, sannan ta ciyar da 'yan sandan da suka zo bincike da shi, suna ci suna mamakin ina makamin ya shiga. Wasa ya ƙare tana dariya. Sai Hitchcock ya fito ya ce ai daga baya an kama ta, don ta gwada yi wa miji na biyu haka, shi kuma ya manta bai kunna firiza ba, naman ya saki. An cika ƙa'ida, an hukunta mai laifi da baki, kuma babu mai kallon da ya ɗauki maganar da gaske. James Allardice ne ke rubuta masa waɗannan jawabai, har da zolayar da yake yi wa masu talla. Ni ban kira wannan munafunci ba, domin munafunci sai da ɓoyewa, shi kuwa a fili yake nuna maka cewa hukuncin liƙa shi aka yi daga waje. Abin da za a iya tuhumarsa da shi shi ne ya mayar da tilas abin dariya, dariyar kuma ta sa tilas ɗin ya yi sauƙin haɗiya, kamfani ya sami tallarsa, kowa ya tashi lafiya.

Serling ya zaɓi ya gudu zuwa labaran almara. Lissafinsa shi ne abin da ba za a bari ɗan siyasa ko baƙar fata ya faɗa ba, za a bari wata halitta daga sararin sama ta faɗa. Lissafin ya yi aiki: The Twilight Zone ya yi shekara biyar, wasanni 156, shi ya rubuta 92. Amma akwai abin da aka biya. The Monsters Are Due on Maple Street, 1960, wasa ne mai ƙarfi. Wuta ta ɗauke a wani layi, motoci suka ƙi tashi, wani yaro ya ce a labaran da yake karantawa baƙi daga sama kan turo 'yan leƙen asiri cikin siffar mutane, kafin gari ya waye maƙwabta sun harbe ɗaya daga cikinsu suna jifan gidajen juna. Kowa ya gane McCarthy ake nufi. To amma majalisar dattawa ta tsawata wa McCarthy tun Disambar 1954, ya kuma mutu a 1957, don haka sukar ta zo bayan haɗarin ya ragu. Kuma abin da aka lulluɓe da almara, wanda ba ya son ganewa yana da hanyar ƙin ganewa. Mai ƙin baƙar fata a Misisipi zai iya kallon wasan ya yaba, ya kwanta barci bai ji an taɓa shi ba. A gefe guda dole a ba Serling haƙƙinsa: a wannan shekarar ya yi The Big Tall Wish, labarin ɗan dambe da wani yaro, wanda manyan 'yan wasansa baƙar fata ne, kuma labarin bai mayar da launinsu abin magana ba. A talabijin ɗin 1960 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ɗin dai kuma shi ne ke tsayawa a ƙarshen shiri yana tallar sigari.

Ma'aunin da nake amfani da shi, wanda nake ba ɗalibai shawara su gwada, ba tsarkin marubuci ba ne, don ba za ka sami mai tsarki a wannan harka ba. Tambayar ita ce: bayan hukunci ya sauka, ina wasan ya ajiye mai kallo, a kujerar alƙali ko a cikin waɗanda ake tuhuma? Wasanni biyu sun ci wannan jarrabawa fiye da saura.

Na farko shi ne Revenge, wasan da aka buɗe Alfred Hitchcock Presents da shi a Oktoban 1955, Hitchcock da kansa ya ba da umarni. Mutum ya dawo daga aiki ya tarar wani ya far wa matarsa, ta fita hayyacinta. Suna tafe a mota sai ta nuna wani a titi ta ce shi ne. Mijin ya bi shi har ɗakin otal ya kashe shi. Ya dawo mota, suka ci gaba da tafiya, can sai ta nuna wani mutum daban ta ce shi ne. Abin da ke sa jiki ya yi sanyi shi ne kai ma ka so ya kashe shi. Ka amince da hujjar da ba hujja ba ce, saboda fushinka fushin kirki ne.

Na biyu, wanda a ganina ya fi duka, shi ne The Shelter, Satumban 1961. Ka riƙe lokacin a ranka: a Yulin shekarar, ana tsakiyar rikicin Amurka da Tarayyar Soviet kan birnin Berlin, Shugaba Kennedy ya yi wa ƙasa jawabi kan tanadin mafaka daga bam ɗin nukiliya, mutane suka shiga haƙa ɗakuna a ƙarƙashin gidajensu, har jaridu na muhawara ko ya halatta mutum ya tsare ƙofar mafakarsa da bindiga daga maƙwabcinsa. Wasan ba aljani, ba baƙo daga sama. An buɗe da walimar zagayowar ranar haihuwar Dakta Stockton, likitan unguwa, maƙwabta na yabonsa, suna tsokanarsa kan ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ya ɓata lokaci yana ginawa. Rediyo ya sanar cewa an hango wasu abubuwa a sama sun nufo ƙasar. Likita ya shige mafakarsa da matarsa da ɗansa ya kulle, domin iska da ruwan da ke ciki na mutum uku ne. Maƙwabtan da suka yi masa dariya suka dawo suna roƙo, roƙo ya koma zagi. Ɗayansu ya juya kan wani maƙwabci mai suna Weiss, wanda ɗazu suke cin abinci tare, ya ce irinsu baƙin haure ne masu zuwa su ƙwace abin mutane, ya kai masa naushi. Suka samo ƙarfe suka fasa ƙofar, wato suka lalata mafakar da ba za ta ƙara kare kowa ba, har su. A daidai nan rediyo ya ce taurarin ɗan'adam ne, babu hari.

Ka lura babu wanda aka mayar guntu, babu wanda fuskarsa ta canja. Suna tsaye cikin ɓaraguzai suna ba da haƙuri, wani ya ce za su biya kuɗin gyara, wani ya kawo shawarar a yi walima a koma yadda ake. Hukuncinsu shi ne gobe da safe za su fito su gaisa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya faɗa jiya. Kuma wasan bai wanke likitan ba. Yana da gaskiya a lissafi, shi ya yi tanadi su ba su yi ba, amma shi ne mutumin da ya karɓi haihuwar yaran unguwar, ya ji iyayensu na roƙo a bayan ƙofa ya ƙi buɗewa. Ba za ka iya zaɓar gefen da za ka tsaya ka ji ka tsira ba. In kana ciki, kai ne mai kulle ƙofa. In kana waje da 'ya'yanka a hannu, ban ga mai kallon da zai rantse ba zai ɗauki ƙarfen nan ba.

In za ka sake kallo, ka haɗa Four O'Clock da The Shelter a zama ɗaya. Serling ne ya rubuta wa talabijin duka biyun, a zango ɗaya na shirin aka nuna su, tsakaninsu wata shida da 'yan kwanaki.